Asalin Sunan Buhari

Tun daga cikin birnin Daura har Mai'aduwa, Zango, Sandamu da Ɓaure, da wuya ka shiga unguwa ka rasa mai suna Buhari. Amma asalin sunan nan daga nesa ƙwarai ya fito.

A can gabas, cikin ƙasar da yau ake kira Uzbekistan, akwai wani tsohon birni mai suna Bukhara. A nan aka haifi Muhammadu ɗan Isma'ila a shekara ta 194 bayan Hijira, wato 810 Miladiyya. Mahaifinsa ya rasu tun yana ƙarami, ya tashi a hannun mahaifiyarsa. Yana ɗan shekara 16 suka tafi aikin hajji tare da ita da wansa Ahmadu. Da aka gama, su suka koma gida, shi ya zauna neman ilimi. Ya bi Makka da Madina, Bagadaza da Basra, Sham da Masar, yana tattara hadisan Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi. Shekara 16 ya yi yana tankaɗe da rairaya, har daga cikin hadisai kimanin 600,000 ya fitar da littafinsa mai ɗauke da hadisai sama da 7,000, in an haɗa da maimaici. Saboda garinsu ne ake ce masa Albukhari, wato mutumin Bukhara. Ya rasu a 256 bayan Hijira, kusa da Samarkanda.

Shi bai taɓa taka ƙasar Hausa ba, littafinsa ne ya zo. Malamai suka riƙa karantar da shi a zaure, almajirai suna kwafa da hannu. Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ya karance shi wajen Malam Muhammadu ɗan Raji, kuma ya sa wa wani ɗansa suna Muhammadu Buhari, wanda ya zauna Tambuwal. Daga gidajen malamai sunan ya shiga gidajen sarauta, har Haɗeja ta yi Sarki Buhari, wanda ya yi zamani zuwa 1863. Ta irin wannan hanya ce Gazali, Sanusi, Jazuli da Tijjani suka zama sunayen yanka a wurinmu.

To, yaya Albukhari ya koma Buhari? Bahaushe ba shi da harafin nan na Larabci da ake fitarwa daga maƙogwaro, wanda ake rubutawa "kh" da boko. Galibi in ya ci karo da shi, sai ya sassauta shi ya zama "h". Haka Khalid ya zama Halidu, Khadija ta zama Hadiza, alkhairi ya zama alheri. Sai kuma aka yar da "al" ta farkon sunan, aka bar jan da ke tsakiya, ana cewa Bu-haa-ri. Turkawa ma da "h" suke rubuta shi.

A Daura, ranar 17 ga Disamba 1942, aka haifa wa Harɗo Adamu da Zulaihatu ɗa, aka raɗa masa Muhammadu Buhari. Shi ne ya mulki Nijeriya da kaki daga ƙarshen 1983 zuwa 1985, ya dawo da ƙuri'a daga 2015 zuwa 2023. A lokacin da farin jininsa ya kai ƙololuwa, iyaye da dama sun yi masa takwara ranar suna. Ya rasu a Landan ranar 13 ga Yuli 2025, aka yi masa sutura a gidansa na Daura. Ta dalilinsa duniya ta saba da sunan yadda Bahaushe ke faɗinsa.

Yanzu waɗanda suka yi Islamiyya kan maido da harafin, su ce Bukhari, dattawa kuwa suna nan kan Buharinsu. Ba abin jayayya ba ne, domin ɗaya lafazin littafi ne, ɗaya lafazin gida. Abin da zai zama asara shi ne yaro ya girma bai san mai sunan na farko ba. Hausawa sun ce suna linzami ne. Duk uban da ya yanka wa ɗansa rago da wannan suna, ya zaunar da shi ya ba shi labarin marayan Bukhara, ya kuma kai shi inda zai karanta abin da marayan nan ya tara.