Gidan Abincin Dare: Daga Keken Doki Zuwa Teburin Wasa

A 1872 Walter Scott ya fara tsayar da keken doki a birnin Providence na Amurka, yana sayar wa ma'aikatan jarida burodi da dafaffen ƙwai da kofi bayan shaguna sun rufe. Daga nan gidajen abincin dare na Amurka suka samo asali. Da kamfanoni irin su McDonald's suka mamaye bakin hanyoyi, da yawansu suka lalace: kujeru a yage, fitilar ƙofa na ƙyaftawa.

Irin wannan lalataccen wuri yana da amfani ga masu wasan labari na kan tebur. 'Yan wasan Dungeons & Dragons, wanda ya fito a 1974, sun saba haɗa jarumansu a mashaya. Da wasan Vampire: The Masquerade na 1991 ya kai labari cikin birnin zamani, sai gidan abincin dare ya dace da wannan aiki.

Ni dai na fi son gidan abincin dare. Ƙarfe uku na dare, jagoran wasa zai iya zaunar da ɗan sanda kusa da ɓarawo, ba wanda zai ce ƙarya ne. Kuma in rikici ya ɓarke, dole kowa ya zaɓa da sauri: ƙofar gaba ko ta kicin.