Tarihin Inshorar Lafiyar Ma'aikata da Gurbin da Aka Bar wa Masu Neman Haihuwa

Mai karatu, idan kai ma'aikacin gwamnatin tarayya ne, da wuya a rasa katin inshorar lafiya a aljihunka ko a cikin jakar uwargidanka. Ranar da Allah Ya ba ta juna biyu, wannan kati zai ɗauki nauyin awo da haihuwa, har da tiyata idan ta kama. To amma idan aka shekara biyar ko bakwai ko ɓatan wata ba ta taɓa yi ba, kuka kai ga likita ya ce abin da ya rage sai a haɗa ƙwai da maniyyi a ɗakin gwaji, wato aikin da aka fi sani da IVF, a nan ne ma'aikacin ofishin inshora zai duba takardarsa ya ce maka wannan ba ya cikin jeri. Mutane da yawa kan fita daga ofishin nan suna zaton wulaƙanci aka yi masu. Alhali kuwa amsar da aka ba su tana da asali mai nisa, kuma sanin asalin zai taimake ka ka gane abin da yake haƙƙinka yau, da abin da ake iya nema gobe.

Mafarin zance

Maganar inshorar lafiya a Nijeriya ta fara ne a 1962, lokacin da Ministan Lafiya na Jamhuriya ta Farko, Dakta Moses Majekodunmi, ya kai ƙuduri gaban majalisa a Legas. Shi kansa likitan mata da haihuwa ne. Ƙudurin bai kai labari ba, domin ya gamu da adawa, musamman daga ɓangaren likitoci. Daga nan zancen ya kwanta fiye da shekara ashirin. A shekarun 1980, da kuɗin mai ya ja baya, asibitocin gwamnati suka koma wuraren rubuta magani kawai, sai aka sake tono shi, aka yi ta kafa kwamiti bayan kwamiti. Doka ba ta samu ba sai a 1999, da gwamnatin Janar Abdulsalami Abubakar ta kafa hukumar NHIS da dokar soja mai lamba 35. Aiki kuwa bai kankama ba sai a watan Yunin 2005, zamanin Shugaba Olusegun Obasanjo, kuma da ma'aikatan gwamnatin tarayya aka soma.

Tsarin kamar adashe yake, sai dai mai kwasa shi ne wanda ciwo ya kama. A rubuce, gwamnati za ta zuba kashi 10 cikin 100 na ainihin albashin ma'aikaci, shi kuma ya zuba kashi 5, ko da yake ƙungiyoyin ƙwadago sun daɗe suna ƙin yarda a taɓa albashin mambobinsu. Asusun yana ɗaukar ma'aikaci da matarsa ɗaya da 'ya'yansa huɗu na cikinsa waɗanda ba su kai shekara 18 ba. Mai mata fiye da ɗaya sai ya yi ƙarin biya kafin a sa sauran. An kuma yarda a biya kuɗin haihuwa har sau huɗu. A ƙarshen kundin ƙa'idojin hukumar akwai jerin abubuwan da asusun ba ya biya ko kaɗan, kamar tiyatar kwalliya da binciken gawa. A cikin wannan jeri aka sanya zuba maniyyi a mahaifa da hannun likita, da IVF, da ICSI, wato sanya ƙwayar maniyyi ɗaya cikin ƙwai da allura.

Yadda maganin ya riga inshorar zuwa

Kada ka ɗauka cewa masu rubuta jerin ba su san da maganin ba. Tun ranar 25 ga Yulin 1978 aka haifi Louise Brown a garin Oldham na Ingila, jaririya ta farko a duniya da aka samu ta IVF, a hannun likita Patrick Steptoe da masanin halittu Robert Edwards da ma'aikaciyar jinya Jean Purdy. Malaman Musulunci ba su yi jinkiri ba wajen duba lamarin. A 1980 Muftin Masar na lokacin, Shaikh Jadul Haƙƙ Ali Jadul Haƙƙ, ya ba da fatawar halascinsa, da sharaɗin ƙwan na matar ne, maniyyin na mijinta ne, auren kuma yana nan daram. Majalisun fiƙihu da suka zauna a Makka da Amman a shekarun da suka biyo baya sun tafi a kan wannan sharaɗi, suka hana shigo da ƙwai ko maniyyin wani na waje.

A Nijeriya, Farfesa Oladapo Ashiru da Farfesa Osato Giwa-Osagie sun fara wannan aiki a Asibitin Koyarwa na Jami'ar Legas tun shekarun 1980. A watan Fabrairun 1998 aka haifi wata jaririya ta wannan hanya a Abuja, a hannun Dakta Ibrahim Wada. Ke nan lokacin da aka ƙaddamar da inshorar ma'aikata a 2005, maganin yana nan a cikin ƙasa, likitocinsa suna nan, fatawa ma ta daɗe da fitowa. Da gangan aka bar shi a waje.

Dalilan da suka sa aka bar shi

Dalili na farko kuɗi ne. Zagaye ɗaya na IVF yana cin miliyoyin naira, kuma sau da yawa ba a dacewa a karon farko. Asusun da 'yan tsirarun 'yan ƙasa ke ciki, wanda kuma zazzaɓin cizon sauro da hawan jini da haihuwa suka riga suka yi wa yawa, masu kula da shi sun ga ba zai iya ɗaukar wannan kaya ba.

Dalili na biyu ya fi na farko zurfi. Shekaru da dama hankalin gwamnatoci da ƙungiyoyin agaji na duniya yana kan rage yawan haihuwa a Afirka. Manufar yawan jama'a da gwamnatin Janar Ibrahim Babangida ta fitar a 1988 ta ba da shawarar 'ya'ya huɗu ga kowace mace. A irin wannan yanayi, kukan macen da ba ta samu ko ɗaya ba bai cika isa kunnen masu tsara manufa ba. An ɗauki rashin haihuwa a matsayin ƙaddarar gida, abin da za a yi wa haƙuri ko a ƙaro kishiya, maimakon ciwon da asibiti ke da alhakinsa.

Sannu a hankali wannan fahimta ta sauya. Taron Majalisar Ɗinkin Duniya kan yawan jama'a da aka yi a Alƙahira a 1994 ya sanya rigakafi da maganin rashin haihuwa cikin kula da lafiyar iyali. A 2009 Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana shi a matsayin cuta ta sassan haihuwa, wadda alamarta ita ce a yi wata 12 ana saduwa ba tare da kariya ba, ciki bai samu ba. A 2023 hukumar ta ƙiyasta cewa kusan mutum ɗaya cikin shida a duniya yakan gamu da wannan matsala a wani lokaci na rayuwarsa, kuma babu wani bambanci mai yawa tsakanin ƙasashe masu arziki da matalauta.

Abin da ya faru a wasu ƙasashe

Domin ka ga cewa irin wannan jeri yana sauyawa, bari mu leƙa wata gwamnati da ita ma take biyan inshorar ma'aikatanta. A Amurka an sa hannu a dokar inshorar lafiyar ma'aikatan tarayya a 1959, ta fara aiki a 1960, kuma a yau tana ɗauke da mutum fiye da miliyan 8, da ma'aikata da 'yan fansho da iyalansu. An haifi jaririyar IVF ta farko a ƙasar a watan Disambar 1981. Jihar Maryland ta wajabta wa kamfanonin inshora biyan IVF a 1985, Massachusetts ta bi baya a 1987, amma dokokin jihohi ba su hau kan manyan tsare-tsaren ma'aikatan tarayya ba. Shekara arba'in yawancin ma'aikatan gwamnatin da ta fi kowace arziki a duniya suna biya daga aljihunsu. Sai daga 2024 ofishin kula da ma'aikata ya wajabta wa duk kamfanonin da ke cikin tsarin su biya kuɗin zuba maniyyi a mahaifa, da kuɗin magungunan IVF na zagaye uku a shekara. Ɗaya daga cikin manyan tsare-tsaren ma ya yarda da biyan har dala 25,000 a shekara. Hakan ya biyo bayan matsin lamba na shekaru daga ƙungiyoyin masu fama da matsalar da wasu 'yan majalisa. Ka lura kuma ba a buɗe ƙofar gaba ɗaya ba, da magani aka fara, domin shi ne ɓangaren da ya fi sauƙin lissafi.

Ƙasar Beljiyam kuwa ta ba da amsa ga masu tsoron kuɗi. Wanda ya sayar da fili ko mota don zagaye ɗaya tak yakan roƙi likita ya dasa ƙwai uku ko huɗu a lokaci guda, don kada kuɗinsa ya tafi a banza. Sakamakon haka sai a samu tagwaye da 'yan uku, da bakwaini, da zaman makonni a ɗakin jarirai, da haɗari ga uwa. A 2003 Beljiyam ta ɗauki nauyin kuɗin ɗakin gwaji na zagaye shida ga matan da ba su kai shekara 43 ba, da sharaɗin taƙaita yawan ƙwan da ake dasawa. Haihuwar tagwaye ta wannan hanya ta ragu ƙwarai, aka kuma samu sauƙin kuɗin jinyar bakwaini.

Inda muke a yau

A watan Mayun 2022 Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu a sabuwar doka, NHIS ta koma NHIA, inshorar lafiya ta zama wajibi a kan kowane mazaunin ƙasa. Jihohi ma sun kafa nasu hukumomin. Kano ta yi dokarta a 2016 da sunan taimakekeniyar lafiya, jihohi irin su Kaduna da Katsina su ma suna da nasu, kuma kowace tana da jerin abin da take biya. Duk da haka, ma'aikacin da ke neman IVF yawanci daga aljihunsa yake biya, a ƙasar da mafi ƙarancin albashi ya koma naira 70,000 a 2024.

To me wannan tarihi yake koya maka, kai da ke cikin wannan jarrabawa? Abu na farko, kada kalmar "ba ya cikin jeri" ta kore ka daga asibiti baki ɗaya. Yawancin masu neman haihuwa ba IVF suke buƙata ba. A wannan yanki namu babban abin da ke toshe hanyoyin ƙwai na mata shi ne ciwon sanyi da ba a yi maganinsa da wuri ba, da cutar da kan shiga mahaifa bayan haihuwa ko ɓari. Ganin likita da maganin irin waɗannan cututtuka aikin yau da kullum ne na asibitin da ka yi rajista. Ka roƙi takardar tura ka wurin likitan mata, ka kuma nemi kamfanin da ke kula da inshorarka ya nuna maka jerinsa na yanzu a rubuce, ka ga matsayin hoton mahaifa da gwajin jini da tiyatar ƙarin mahaifa, kowanne daban.

Abu na biyu, maigida ya tafi tare da matarsa. A kusan rabin ma'auratan da ke fama da wannan matsala akwai hannun namiji a ciki, shi kaɗai ko tare da matar. Gwajin maniyyi yana cikin mafi sauƙi da arha a duk gwaje-gwajen, amma sau da yawa shi ake bari ƙarshe, bayan mace ta sha jiƙe-jiƙe da gorin dangin miji na shekaru.

Abu na uku, ki kula da shekaru, 'yar'uwa. Idan an yi shekara guda babu labari, lokacin ganin likita ya yi. Idan kin haura 35, wata shida ya isa. Ƙwan mace yana raguwa da shekaru, kuma nasarar IVF kanta tana faɗuwa sosai bayan 40. Kuɗin da ake rabawa masu tallar magani a tasha da kafafen sada zumunta, da an tara shi, da ya kai mutum wani wuri.

Abu na ƙarshe ya shafe mu duka, da masu 'ya'ya da masu nema. Jerin nan mutane ne suka rubuta shi, a wani zamani, da lissafin wancan zamanin, kuma akan sake duba shi lokaci zuwa lokaci. Ƙungiyar ƙwadagon ma'aikatarku tana da bakin magana a kan abin da asusun ke biya. Ana iya fara neman abin da ke yiwuwa: a tabbatar da gwaje-gwajen miji da mata a cikin jeri, a biya wani kaso na magunguna, a yi yarjejeniya da asibitocin koyarwa na gwamnati da ke yin aikin a kan farashi mai sauƙi, da iyakar zagaye da ta shekaru kamar yadda wasu ƙasashe suka yi. Kunya ce ta sa masu wannan ciwo ba sa tashi a taro su yi magana, saboda haka ya kamata waɗanda Allah Ya ba haihuwa su ari bakinsu su ci masu albasa.

Allah Ya ba masu nema zuriya ɗayyiba, Ya raya wa masu shi abin da Ya ba su.