Tarihin Ƙaurar Masoya Labarai Daga Dandali Zuwa Dandali

Yau ba saitin waya za mu koya ba, tarihi za mu ɗan taɓa, amma tarihin da ya shafi duk wanda yake da guruf ko shafi a wayarsa. Idan kana cikin guruf ɗin masoya wani jarumin Kannywood, ko na masu karatun nobel, ko na magoya bayan Arsenal, ka taɓa tambayar kanka ina za ku haɗu idan aka wayi gari manhajar ta rufe? Akwai mutanen da wannan ya faɗa wa ba sau ɗaya ba, ba sau biyu ba.

Mutanen da nake nufi su ne masoya finafinai da littattafai a Amurka da Turai, waɗanda ke rubuta nasu labaran a kan jaruman da suke so. Misali, fim ya ƙare bai yi maka daɗi ba, sai ka zauna ka rubuta naka ƙarshen, ka raba wa 'yan'uwanka masoya su karanta. Sun fara wannan tun kafin intanet. A 1967 masoya shirin talabijin na Star Trek suka fitar da wata 'yar mujalla mai suna Spockanalia, kuma irin waɗannan mujallu ta gidan waya ake aika su, ko a sayar a wurin taro.

Da intanet ta yaɗu a shekarun 1990, sai suka koma zaurukan imel da kuma GeoCities, inda kowa ke iya buɗe shafinsa kyauta. Kamfanin Yahoo ya sayi GeoCities a 1999, sannan ya rufe shi a Oktoban 2009. Wasu 'yan sa-kai da ake kira Archive Team sun yi rige-rigen kwafe abin da za su iya kafin a kashe, amma shafuka da dama sun tafi ke nan.

Kafin wannan rufewar ma, yawancin masoya sun riga sun tare a LiveJournal, wanda Brad Fitzpatrick ya ƙirƙira a 1999. A nan kowa na da shafin rubutunsa, akwai jerin abokai, akwai zauruka, kuma ana doguwar muhawara a ƙarƙashin kowane rubutu. Sun saki jiki sosai, har sai da watan Mayun 2007 ya zo. Wata ƙungiya ta kai ƙorafi cewa akwai shafukan da ke yaɗa lalata da yara, kamfanin Six Apart da ke da dandalin a lokacin ya dakatar da akawun kusan 500 ba tare da gargaɗi ba. Matsalar ita ce da kalmomin da mutum ya rubuta a bayanin shafinsa aka yi hukunci. Don haka aka haɗa har da shafukan nazarin adabi, da na mutanen da aka taɓa ci wa zarafi suke tallafar juna. Kamfanin ya ba da haƙuri, ya dawo da da yawa daga ciki, amma yarda ta riga ta zube. A ƙarshen shekarar kuma aka sayar da LiveJournal ga kamfanin SUP na Rasha.

A wannan watan na Mayu ne marubuciya Naomi Novik ta kawo shawara: tunda kullum mai gida ne ke korar mu, me zai hana mu gina namu? Daga nan aka kafa ƙungiyar Organization for Transformative Works a 2007, ita kuma ta buɗe rumbun Archive of Our Own, wanda aka fi sani da AO3, ga jama'a a Nuwamban 2009. Ka lura da tsarinsa, don a nan darasin yake. Kwamfutocin da ke ajiye rubutun mallakin ƙungiyar ne. Babu talla, da gudummawar masu karatu ake biyan kuɗin aiki, kuma 'yan sa-kai ke kula da shi. Kowane labari kana iya sauke shi a wayarka a matsayin PDF ko EPUB. Suna ma da wani shiri mai suna Open Doors da ke kwaso tsofaffin rumbunan da ke gab da mutuwa. A 2019 AO3 ya ci kyautar Hugo, kuma rubuce-rubucen da ke cikinsa sun haura miliyan 10.

Sai dai rumbu wurin ajiya ne, hira kuma sai da dandali. Don haka masoya suka koma Tumblr da hirarsu da zane-zanensu. Yahoo ya saye shi a 2013 kan dala biliyan 1.1. A Disambar 2018 Tumblr ya haramta hotunan batsa, ya bar wa na'ura aikin tantancewa, ita kuwa ta riƙa yi wa zane-zane da hotunan da ba ruwansu tambari. Jama'a da yawa suka watse, wasu Twitter, wasu Discord. A 2019 aka sayar da dandalin ga kamfanin Automattic a kan kuɗin da rahotanni suka ce bai kai dala miliyan 3 ba. Waɗanda suka je Twitter su ma ba su daɗe da zama ba, Elon Musk ya saye shi a Oktoban 2022, aka sake wata ƙaurar zuwa Mastodon da Bluesky.

Idan ka duba duk wannan tafiyar, ƙaura ba ta faruwa rana ɗaya. Wasu za su fara buɗe akawun a sabon wuri suna leƙa tsohon, wasu su ƙi tashi sai an kashe fitila. A kowace ƙaura kuma ana asarar abu uku: tsofaffin rubuce-rubuce, muhawarar da aka yi a ƙarƙashinsu, da mutanen da sunan akawun ɗinsu kawai ka sani. Wannan na ukun ya fi ciwo, don rubutu ana iya kwafe shi, amma abokin da ba ka da lambarsa ya ɓace ke nan.

Kada ka ce wannan labarin Turawa ne kawai. A 2001 Farfesa Abdalla Uba Adamu ya buɗe zauren Finafinan Hausa a Yahoo Groups, inda aka yi shekaru ana tattauna harkar fim. Yahoo ya rufe Yahoo Groups gaba ɗaya a Disambar 2020. Wanda ya yi zamanin 2go ya san yadda ɗakunan hira suka bushe da aka koma WhatsApp. BBM ya daina aiki a Mayun 2019. A Yunin 2021 gwamnatin Najeriya ta dakatar da Twitter, ba a buɗe ba sai Janairun 2022. Marubutan Hausa da ke sayar da littattafansu a OkadaBooks kuwa sun ga rufewarsa a Nuwamban 2023. Yau marubuciya za ta shafe wata shida tana taifin littafi a waya, tana sakin shafi-shafi a guruf, kwafinta ɗaya tak yana cikin WhatsApp. Idan aka toshe lambar ko aka sace wayar fa? Hausawa sun ce zanen aro ba ya rufe katara.

To me za ka yi tun yanzu? Ga abin da waɗancan suka koya da wahala:

1. Kada ka fara rubutu kai-tsaye a cikin guruf. Rubuta a Google Docs ko manhajar rubutu ta wayarka, sannan ka kwafa ka tura.

2. Ajiye kwafi biyu a wurare daban, ɗaya a Google Drive, ɗaya a memori ko kwamfuta.

3. Facebook na da wurin sauke duk bayananka a cikin saiti, WhatsApp ma na ba ka damar fitar da hirar guruf ka tura wa imel ɗinka. Riƙa yi lokaci-lokaci.

4. Idan kai ne admin, buɗe gida na biyu, ko Telegram ko wani wurin, ka sanar da mambobi tun ana zaman lafiya. Kuma kada ka zama kai kaɗai ne admin.

5. Mutanen da kake ji da su a guruf, nemi wata hanyar samun su da yardarsu, ko lamba ko imel.

Babu kamfanin da ya yi maka alƙawarin zama har abada, kuma sharuɗɗan da ka danna ka amince da su ba tare da karantawa ba sun ba shi ikon rufe akawun ɗinka. Ka ji daɗin dandalin da kake kai, amma kayanka su kasance a hannunka.

Wane dandali ka fara hira a kai, kuma me ka rasa da aka tashi daga can? Faɗa mana a ƙasa, sannan ka tura wa admin ɗin guruf ɗinku wannan rubutu.