Wa Zai Tsaya Masa? Lamuni Da Gyaran Mai Laifi Daga Sabon Ibadan Zuwa Kasuwar Bodija

Zargin sata ne ya haifi unguwar Sabo ta Ibadan. Bayan layin dogo ya iso garin daga Legas a 1901, ya kuma zarce har Kano shekara goma bayan haka, fataken shanu da na goro suka yi ta kwararowa wannan gari da Hausawa ke kira Badun. A lokacin ba su da unguwa tasu, a gidajen Yarbawa suke sauka. Da fasa gidaje ya yawaita, sai sarakunan gari suka ɗora laifin a kan baƙin Arewa, mai gaskiya da marar gaskiya duka aka yi musu kuɗin goro. A 1916 Baale, wato sarkin garin, da majalisarsa, da amincewar Turawan mulki, suka ware fili a wajen Mokola, aka ce Hausawa su koma can ƙarƙashin sarkinsu. Abin da hukuma ke so daga wannan sarki a fili yake: ya san wanda ya shigo, ya san wanda ya sauke shi, idan kuma aka yi ɓarna a sami wanda za a tambaya.

An yi tsarin ne don a killace baƙo, amma mutanen Sabo suka mai da shi jari. Wani masanin zamantakewa mai suna Abner Cohen ya zauna a unguwar a 1962 da 1963, ya fitar da littafi a kanta a 1969, kuma daga gare shi muka san yadda al'amura ke tafiya a wancan zamani. Mutanen unguwar sun ɗan haura dubu huɗu. Kimanin shanu 75,000 ake sayarwa a karar Ibadan duk shekara, kuma mafi yawansu bashi ne. Falke ya taso daga Arewa da garkensa, ya sauka a hannun maigida. Dillalan maigidan su sayar wa mahauta Yarbawa, waɗanda falken bai taɓa gani ba, ko yarensu ba ya ji, a kan za su biya bayan 'yan makonni. Babu banki, babu lauya, babu takardar yarjejeniya. Maigida ne ya yi lamuni: idan mahauci ya ƙi biya ko ya kasa, daga aljihunsa za a biya baƙo.

Duk wanda ya ɗauki irin wannan nauyi dole ya san mutane ciki da waje. Maigida ya san mahaucin da ke cika alkawari da wanda ya fara tangal-tangal, kuma labari ba ya kwana bai zagaye kara ba. Wanda ya ci bashi ya ƙi biya, ba sai an kai shi kotu ba, ƙofar bashi ce za ta rufe masa a wajen kowa. Amma ƙofar ba ta rufuwa har abada. Idan ya zo ya sauke abin da ake bin sa, ana iya sake gwada shi da kaɗan, a ga kamun ludayinsa, kafin a sakar masa hannu.

Haka abin yake a cikin gida. Saurayin da ya zo ci-rani ba ya zama a Sabo kara zube. Yana ƙarƙashin wani, wanda ya ba shi wurin kwana da abinci da aiki, wani lokaci har ya yi masa aure. Idan yaron gida ya ci amanar kuɗin la'ada, ko ya ɗauki abin wani, ko ya yi faɗa ya ji wa wani rauni, akasari a ƙofar Sarkin Hausawa maganar ke ƙarewa. A tara dattawa, a ji ta bakin kowa, a ƙiyasta asara. Sai a zo kan tambayar da komai ya rataya a kanta: wa zai tsaya masa? Idan maigidansa ya ce, “Ranka ya daɗe, yarona ne, na ɗauka,” to shi zai biya, yaron ya rama masa da aiki, a kuma sa masa ido na wani lokaci. Hujjar dattawa tsohuwa ce: hannunka ba ya ruɓewa ka yanke ka yar. Wanda ya maimaita har aka gaji, shi ake miƙa wa 'yan sanda, ko a biya masa kuɗin mota a ce ya koma garinsu. Ga mutumin da abincinsa ke rataye da amana, wannan kora ta fi bulala zafi, domin labarinta kan riga shi isa Shagamu da Agege da sauran zangunan kurmi.

Da siyasar jam'iyyu ta kankama a farkon shekarun 1950, goyon bayan da hukuma ke bai wa sarautar Sabo ya yi rauni. A daidai lokacin ne mafi yawan mutanen unguwar suka shiga ɗarikar Tijjaniyya, a 1952 kuma suka fara sallar Juma'a a masallacinsu. Wannan ya ƙara wa sa ido ƙarfi ta wata hanya. Mutumin da ake gani a sahu sau biyar a rana, ake zama da shi a wazifa, ba ya ɓacewa ba a sani ba. Malami ya shigo cikin sulhu, tuba ta sami wurin da za a gan ta.

Abin da ya kamata mai karatu ya lura da shi shi ne, tsarin da kotunan zamani ke bi na sakin mai laifi a ɗaurin talala maimakon kulle shi, daga irin wannan tsayawa ya faro. A 1841 wani mai ɗinkin takalma a birnin Boston na Amurka, John Augustus, ya roƙi alƙali ya ba shi belin wani mashayi, ya tafi da shi, ya dawo da shi bayan mako uku a natse. Kafin rasuwarsa a 1859 ya tsaya wa mutane kusan dubu biyu, maza da mata da yara. A 1878 jihar Massachusetts ta yi dokar ɗaukar ma'aikaci da albashi don wannan aiki. A Ingila ma masu wa'azin hana shan giya ne suka fara zuwa kotunan Landan tun 1876 suna karɓar masu ƙananan laifuffuka, har majalisa ta yi doka a 1907 ta mai da abin aikin gwamnati. Wato mutum ne ya fara tsayawa, doka ta biyo bayansa.

A Najeriya sai aka yi akasin haka, doka ta riga mutum zuwa. Turawa sun fara da kurkuku: na titin Broad a Legas a 1872, na Agodi a Ibadan kafin ƙarewar wannan ƙarni. Sai a lokacin yaƙin duniya na biyu, da yaran titi suka yi yawa a Legas, aka naɗa Donald Faulkner jami'in jin daɗin jama'a, aka yi dokar yara da matasa ta 1943 wadda ta kawo kotun yara da jami'an sa ido. Dokar tafiyar da shari'ar laifuffuka ta 1945 ta bai wa alƙali damar sakin babba ma bisa sharaɗin kyakkyawan hali. A 1962 dokar gidajen horon matasa, irin na Kakuri a Kaduna, ta fara aiki. Amma jami'an sa idon 'yan ƙalilan ne, a ma'aikatar jin daɗin jama'a suke, kuma shari'un yara da rikicin aure sun cinye lokacinsu. Ga babban mutum, zaɓin da ya rage a gaban majistare biyu ne: tara ko ɗauri. Wanda ba shi da kuɗin tara kuwa, zaɓinsa ɗaya ne.

A 1987, zamanin gwamnan soja na jihar Oyo, Tunji Olurin, aka kwashe masu kayan abinci daga cunkoson Orita Merin aka kai su sabuwar kasuwar Bodija, kusa da Jami'ar Ibadan, tafiyar 'yan mintuna daga Sabo. Nan da nan ta zama rumbun garin. Manyan motoci na sauke wake da masara da gero da albasa da barkono daga Arewa, ga layin katako, ga mahauta da masu dabbobi, har zuwa 2018 da gwamnati ta mayar da yanka Amosun a ƙaramar hukumar Akinyele. Tsarin Sabo ya bi 'yan kasuwa zuwa Bodija. Kowane layi da shugabanninsa, Hausawa da nasu dattawan, Yarbawa da nasu, kuma ƙaramar sata da musun awo da bashin da ya maƙale a hannunsu suke mutuwa fiye da a ofishin 'yan sanda.

Sai dai kasuwar ta fi ƙarfin tsohon ma'auni. Unguwar mutum dubu huɗu ana iya sanin kowa a cikinta. Kasuwar da ake shiga da fita dare da rana ba haka take ba. Yawancin samarin da ke saukowa daga bayan tirela a yau, 'yan dako da masu tura baro da 'yan acaba, ba a hannun kowa suka sauka ba. Wasu talauci ya koro su, wasu 'yan bindiga ne suka tashe su daga ƙauyukan Zamfara da Katsina da Sakkwato. A rumfa suke kwana ko a harabar masallaci. Idan irin wannan yaro ya ɗauki kwanon wake ko waya, babu maigidan da za a aika a kira. In ya tsira daga dukan taron jama'a, sai ofishin 'yan sanda, sai kotu, inda ake magana da Turanci da Yarbanci yana tsaye yana kallon bakin mutane. A ba da belinsa, a ce ya kawo mai tsaya masa mai tabbataccen adireshi a cikin gari. Ina zai samo shi? Daga nan sai Agodi, gidan da aka tanada don mutanen da ba su kai ɗari huɗu ba amma ya daɗe yana ɗauke da sama da dubu. A faɗin ƙasar nan kusan biyu cikin uku na waɗanda ke tsare jiran shari'a suke yi. Yaro na iya shafe watanni a ciki kan abin da dattijo ɗaya zai kashe a zama guda, ya fito ya koyi abin da bai shiga da shi ba.

Kuma laifin mutum ɗaya a kasuwar baƙi ba ya tsayawa a kansa. A 1999 an yi arangama tsakanin Hausawa da Yarbawa a Bodija, an rasa rayuka da dukiya. A Fabrairun 2021 cacar baki kan tumatir da ya zube a ƙofar wani shago a kasuwar Shasha da ke Ibadan ta kai ga mutuwar wani mai gyaran takalmi, daga nan wuta ta tashi, aka ƙone gidaje da rumfuna, har gwamnoni huɗu daga Arewa suka zo wajen Gwamnan Oyo Seyi Makinde don a kwantar da ƙura. Wannan ne ya sa dattawan zango ba sa ɗaukar ladabtar da yaro a matsayin alfarma gare shi kaɗai. Tsaron kowa ne.

A kan takarda, gyara ya zo. Majalisar Ɗinkin Duniya ta fitar da ƙa'idojin Tokyo kan hukuncin da ba na kulle ba a 1990, ƙasashen Afirka suka yi taron Kampala a 1996 da na Kadoma a Zimbabuwe a 1997 kan cunkoson kurkuku da hidimar al'umma. A 2015 Shugaba Goodluck Jonathan ya sa hannu a sabuwar dokar tafiyar da shari'ar laifuffuka, jihar Oyo ta yi tata a 2016. Dokar tarayyar ta ce alƙali na iya sakin mai laifi bisa sharaɗi har na tsawon shekara uku, da mai tsaya masa ko babu, ya kuma sa shi ya biya wanda ya cuta. Yana iya jingine ɗauri ko ya ba da hidimar al'umma, ban da laifin da aka yi da makami, da laifin lalata, da wanda hukuncinsa ya wuce shekara uku. A Agustan 2019 Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu a dokar da ta mayar da hukumar gidajen yari ta koma ta gyaran hali, aka raba aikinta biyu: masu tsare mutum a ciki, da masu kula da shi a waje, ciki har da sulhu tsakaninsa da wanda ya zalunta.

A ganina, wannan reshe na biyu ba zai yi aiki a wuri irin Bodija ba sai ya shiga ta ƙofar zango. Jami'i ɗaya da ke zaune a ofis, ba ya jin Hausa, ba shi da kuɗin mota, ba zai iya bin sawun ɗan dakon da ba shi da lambar gida ba. Shugaban layin albasa kuwa yana ganinsa kullum da asuba. Shi ne zai iya ba shi aiki, ya riƙe wani abu daga ladan dakonsa a biya mai kaya, ya kuma sanar da kotu ranar da ya daina zuwa.

Ba ina cewa shari'ar kasuwa ba ta da aibi ba. Tana da shi, kuma mai nauyi. Akwai inda ake duka da sunan ladabi. Akwai inda yaron babban alhaji ke fita salin-alin, maraya ya sha wuya kan laifi iri ɗaya. Mace da aka cuta ba kasafai take samun bakin magana a zauren da maza suka cika ba, kuma akwai laifuffukan da bai halatta a rufe su da sulhu ba, kamar fyaɗe da zubar da jini. Sa yaro a mota a mai da shi gida ma sau da yawa tura matsala ce zuwa garin da ya gudo daga cikinsa. Waɗannan su ne wuraren da kasuwa ke buƙatar idon alƙali da iyakar doka.

Abubuwan da za su haɗa ɓangarorin biyu ba masu tsada ba ne. Kotunan majistare na Ibadan su karɓi shugabannin layuka da aka tantance a matsayin masu tsayawa, ko da ba su da takardar mallakar fili, tunda rumfarsu da sunansu su ne jinginarsu. A sami tafinta na Hausa a duk zaman da za a gurfanar da wanda ba ya jin wani yare. A rubuta sulhun da aka yi a kasuwa, a ajiye kwafi wajen jami'in sa ido, don mai ƙaramin ƙarfi ya sami inda zai kai kuka idan an danne shi. Su kuma masu hannu da shuni na Sabo da Bodija da Shasha, akwai aikin da ya rage nasu: a buɗe rajistar sababbin zuwa a inda motoci ke sauke kaya, a raba samarin a hannun iyayen gida tun ranar da suka sauka, kafin wani abu ya faru.