Kiton da Zuciyar Mai Ciwon Sukari: Makamashi Ne Ko Sassauta Jijiya?

Tsakure

Wannan maƙala ta sake duba iƙirarin da ake yi cewa shan sinadarin kiton yana ƙarfafa zuciyar mai ciwon sukari domin ya fi sukari da kitse samar da makamashi. Hujjojin da ke hannu sun fi nuni ga jijiyoyin jini.

Gabatarwa

Hanta ce ke sarrafa kiton daga kitse idan ciki ya daɗe babu abinci. A 2015 gwajin EMPA-REG OUTCOME ya nuna maganin empagliflozin ya rage kwanciya asibiti saboda gazawar zuciya da kashi 35 cikin ɗari. Da yake maganin na ɗaga kiton a jini, sai Ferrannini da abokan aikinsa suka kawo hasashen cewa kiton makamashi ne mai rahusa ga zuciya a 2016. Hasashe suka kira shi, amma masu tallar kwalaben kiton suka ɗauke shi tamkar yankan wuƙa. Da su wannan maƙala take jayayya.

Hanyar Bincike

An bi gwaje-gwajen da aka yi a kan mutane, aka ajiye na dabbobi gefe.

Sakamako

Aikin Nielsen da abokansa a Aarhus ta ƙasar Denmak (2019) shi ne ginshiƙi. Sun ɗura wa masu gazawar zuciya 16 kiton ta jijiya, jinin da zuciya ke turawa ya ƙaru da lita 2 a minti guda. Wannan adadi kowa ke ambata. Abin da ake tsallakewa shi ne, iskar oksijin da zuciyar ta ci ita ma ta ƙaru daidai da ƙarin aikin. Da kiton makamashi ne mai rahusa, da an samu aiki mai yawa da iska kaɗan, kuma ba a samu ba. Abin da ya sauka ƙwarai shi ne turjiyar jijiyoyin jini: sun saki, zuciya ta samu hanya. Mai tura kura ne ya fito daga yashi ya hau kwalta, ƙarfinsa bai ƙaru ba.

A 2024 Gopalasingam da abokansa sun shayar da mutum 24 masu ciwon sukari nau'i na biyu da gazawar zuciya kiton har mako biyu. Ƙarin jinin da zuciya ke turawa bai wuce lita 0.2 a minti guda ba, sai dai matsin cikar zuciya ya ragu lokacin motsa jiki, kuma wannan ne ke da muhimmanci ga mai haki a kan matakala.

Batun ƙarin juriya ga 'yan wasa masu shan kiton kuwa bai tsaya ba. Cox (2016) ya ga 'yan tseren keke sun ƙara ƙwazo da kusan kashi 2 cikin ɗari, Leckey (2017) ya ga ƙwazonsu ya ragu, ga ɓacin ciki.

Iyakokin Bincike

Dole a yarda mahalarta kaɗan ne, kwanakin ma kaɗan. Sakin jijiya bai kore yiwuwar zuciya na ƙona kiton ɗin ba. Sakamakon kuma bai shafi masu nau'i na ɗaya ba, waɗanda taruwar kiton kan jefa su cikin tsamin jini mai kisa.