Muzakara Tsakanin Ɗalibai: Abin da Jami'o'in Kano Za Su Iya Ɗauka daga Zaurukan Madabo

Unguwar Madabo, wadda ke cikin ganuwar birnin Kano, ta shahara da karatun fiƙihun mazhabar Malikiyya, kuma masana tarihi suna danganta asalinta da Wangarawan da suka zo daga ƙasar Mali ƙarƙashin jagorancin Shaihu Abdurrahman Zaite, ko da yake Tarihin Kano ya sanya zuwansu a zamanin Sarki Yaji (1349-1385), littafin Aslul Wangariyyin kuwa ya kai shi zamanin Muhammadu Rumfa (1463-1499). Littafin da Madabo ta fi yin suna a kansa shi ne Muhtasar na Halilu ɗan Ishaƙa, malamin Masar na ƙarni na 14, wanda ya dunƙule hukunce-hukunce cikin kalmomi kaɗan, har ya zamanto fassarar da malami ke yi a zaure ba ta wadatar da ɗalibi sai ya haɗa da wasu ayyuka biyu.

Na farko shi ne muɗala'a, wato duba darasi tun kafin a zauna gaban malami. Na biyu kuma muzakara, wato zaman da ɗalibai ke yi a junansu suna bitar mas'ala, wannan ya kawo fahimtarsa, wancan ya ja da shi da hujja. Littafin Ta'alimul Muta'allim na Zarnuji, wanda makarantun ilimi na ƙasar Hausa suka daɗe da saninsa, ya fifita irin wannan zama a kan maimaita karatu kawai.

A shekarar 1991 Eric Mazur, malamin fiziks a Jami'ar Harvard da ke Amurka, ya soma wata hanya mai kama da muzakara bayan ya lura cewa ɗalibansa suna iya warware lissafi ba tare da sun gane ma'anarsa ba. Yakan yi taƙaitaccen bayani, ya jefa tambayar da ke gwada fahimta, kowa ya zaɓi amsa shi kaɗai, sannan idan amsoshi sun rarrabu ya umarci kowane ɗalibi ya gamsar da na kusa da shi kafin a sake amsawa. Nazarin da Scott Freeman da abokan aikinsa suka buga a 2014, wanda ya tattara bincike 225 a fannonin kimiyya da lissafi da injiniyanci, ya nuna cewa faɗuwa a jarrabawa ta kai kashi 33.8 cikin ɗari a ajin lacca zalla, alhali ta tsaya a 21.8 inda ɗalibai ke shiga cikin darasi.

Bambancin da ya kamata a lura da shi shi ne, zaure yana barin muzakara a hannun ɗalibai bayan an tashi, Mazur kuwa ya shigo da ita tsakiyar darasi, inda malami ke jin kuskure tun yana ɗanye. Hanyar Mazur ta fi dacewa da Jami'ar Bayero, wadda ta zama cikakkiyar jami'a a 1977, domin a babban ɗakin lacca malami ba zai iya sauraron ɗalibai ɗaya bayan ɗaya ba kamar yadda ake yi a zaure, kuma ɗaga yatsu ko katin takarda ya isa wajen ƙirga amsoshi ko babu wutar lantarki. Sharaɗin da ba za a tsallake ba shi ne muɗala'a, domin ɗalibin da bai duba darasi ba zai bi bakin wanda ya fi shi ɗaga murya ne kawai, don haka wajibi ne sashe ya ba da abin karantawa tun da wuri, ya kuma sanya masa maki a cikin gwajin zangon karatu.