Kafin a ɗinka manhaja, wa aka auna?

Jama'ar Sabon Maci da kewaye, kun san tela ba ya sa almakashi sai ya auna mai riga. To, masu ƙera manhajar waya da kwamfuta sun daɗe suna gardama kan yadda za su auna mutum.

Da farko takarda suka dogara da ita. A 1984 ƙungiyar injiniyoyi ta IEEE ta fitar da ƙa'ida mai lamba 830: a rubuta duk abin da ake so manhaja ta yi, dalla-dalla, kafin a fara aiki. Kundin kan yi kauri, mai buƙata ya sa hannu ko bai gama karantawa ba, in kaya ya iso ya ce ba haka ya nufa ba. Ivar Jacobson, ɗan Suwidin, a littafinsa na 1992 ya ce a bi mutum mataki-mataki: ya danna nan, me ya faru? A 1996 Kent Beck ya karɓi aikin manhajar albashi a kamfanin motoci na Chrysler, inda aka riƙa rubuta buƙata a ɗan kati, layi biyu ko uku, sauran a ƙarasa da baki. A Fabrairun 2001 mutum 17 suka taru a Utah ta Amurka, suka ce zama da mai buƙata ya fi tulin takarda.

Amma duk waɗannan dabaru da mai karatu aka yi su. Mu nan fa?

Ku tuna yunwar 2010. Ƙungiyar Concern ta raba tallafi a ƙauyukan jihar Tawa, wajen jikka 22 kowane wata har wata biyar, a hannun mata. Wasu ta Zap na kamfanin Zain aka aika musu, wanda ya koma Airtel. Manhajar da rubutu take magana, yawancin matan kuwa ba su yi lakwal ba. Sai da aka ba su salula, aka koya musu gane ƙarar da ke nuna kuɗi sun shigo, sannan su kai wa wakili ya ba su a hannu.

A ganina, wannan buƙata ba a ofis ake gano ta ba, sai an zauna a tabarma. Saboda haka in wata ƙungiya ta zo da manhajar bankin hatsi ko ta farashin bisashe, ku faɗa musu a rubuta: wa ke riƙe wayar gidan, ina ake cajin ta, rezo na kaiwa gona ko a'a, kuma da tiya ake awo ko da kilo. A karanta muku da Hausa kafin kowa ya dangwala yatsa.